Daga Burmi Zuwa Jazira: Darasin Ƙasar Sudan Ga Masu Zaman Baƙunci

Wannan shi ne cikakken jawabin da aka karanta a gaban wani taro na manoma da 'yan kasuwa da malaman makaranta a unguwar Bolari, cikin garin Gombe. An buga shi a wannan shafi saboda 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anaca da Fatakwal da sauran biranen Kudu, domin maganar da ke ciki su ta fi shafa.

Abin da ya tara mutane a wannan wuri shi ne a yi nazari a kan ƙasar Sudan, watau tarihinta na zamani, da tattalin arzikinta, da yadda jama'arta suke zaune da juna. Mai yiwuwa ne wani ya tambaya, me ya haɗa mutumin Bolari da ƙasar da ke can gabas da Cadi, a bakin Bahar Maliya? Amsar ba ta da nisa. Duk wanda ya hau mota da safe daga Gombe ya nufi Bajoga, kafin azahar ya isa kufan Burmi, kuma daga wannan kufai ne kakannin dubban mutanen Sudan na yau suka kama hanya. Saboda haka labarin Sudan labarin dangi ne, kuma a cikinsa akwai gargaɗi ga duk wanda yake neman abinci a garin da ba nan aka binne cibiyar kakansa ba.

BURMI DA HANYAR GABAS

Ran 15 ga watan Maris, 1903, sojojin Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya bai yarda ya zauna a ƙarƙashinsu ba, sai ya ɗauki hanyar gabas da niyyar hijira. Duk ƙasar da ya ratsa sai jama'a su bar gonaki da rumbuna su bi shi, sarakuna da malamai da talakawa, maza da mata, har Turawa suka ji tsoron kada ƙasar ta watse a hannunsu. Tafiya ta kawo shi Burmi, kusa da kogin Gongola, a ƙasar Funakaye ta yau. A nan aka yi karon ƙarshe ran 27 ga watan Yuli, 1903. Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, kuma shugaban rundunar Turawa, Manjo Marsh, shi ma a nan ya faɗi.

Waɗanda suka tsira suka bi ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, suka ci gaba da tafiya har Allah ya kai su bakin Shuɗin Nilu bayan 'yan shekaru. A can, mil kaɗan kudu da garin Sinnar, suka kafa gari wanda har yanzu ake kira Mai Wurno, kuma zuriyarsa ce take riƙe da sarautar garin.

Ba su kaɗai ba ne. Tun kafin Burmi, da kuma bayanta, hanyar aikin Hajji ta ƙasa ta cikin Sudan take bi. Maniyyaci zai tashi daga Kano ko Gombe ko Barno, ya ratsa Cadi ta Abashe, ya shiga Darfur ta Jinaina, ya wuce Fashir zuwa Al-Ubayyid, sa'an nan ya gangara Sawakin ko Bur Sudan ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru, domin in guzuri ya ƙare sai mutum ya tsaya ya yi ƙwadago, ya yi noma damina ɗaya ko biyu, kana ya ƙara gaba. Da yawa sun tsaya ba su ƙarasa ba, da yawa kuma sun sauke farali suka zauna a hanyar komowa. Ta haka aka sami unguwannin Hausawa da Fulani da Barebari a Gadarif da Kasala da Wad Madani da Bur Sudan da Hartum. Mutanen ƙasar ba su rarrabe su ba, duka suka haɗa su a suna ɗaya, Fallata ko Takari.

Zumuncin kuwa bai tsaya ga tafiya gabas ba. Cikin 1934 malamai daga Sudan suka zo koyarwa a Makarantar Shari'a ta Kano, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Marigayi Shaihu Abubakar Gumi ya yi karatu a Bakht al-Ruda a shekarun 1950. Kuma A'isha al-Fallatiyya, wadda ta buɗe wa mata ƙofar waƙa a gidan rediyon Umdurman a shekarun 1940, jinin Hausawa ce haifaffiyar Kasala.

YADDA AKA GINA ƘASA A KAN AUDUGA

Ƙasar da mutanen Mai Wurno suka tarar ita ma ba ta daɗe da faɗawa hannun Turawa ba. Sojojin Muhammadu Ali Basha na Masar sun ci ta cikin 1821. Cikin 1881 Muhammadu Ahmad ya yi kiran Mahadiyya, ya kama Hartum cikin 1885. Cikin 1898 Janar Kitchener ya karya daular Mahadiyya a filin Karari, kusa da Umdurman. Daga 1899 aka ce Ingila da Masar ke mulkin ƙasar tare, amma a zahiri linzamin yana hannun Ingila.

Turawa suna bukatar kuɗin tafiyar da mulki, masaƙun Lankashaya a Ingila kuma suna bukatar auduga mai dogon zare. Sai idonsu ya faɗa a kan filin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, kudu da Hartum, wanda Larabawa ke kira Jazira, watau tsibiri. Fili ne shimfiɗaɗɗe mai baƙar laka, wanda ya ɗan karkata zuwa arewa, yadda in aka tare ruwa daga sama zai gangara da kansa cikin gonaki ba tare da injin ba. Aka gina madatsar ruwa a Sinnar, aka gama ta cikin 1925, aka haƙa magudanan ruwa, aka fara da fadan 300,000. Shi fadan ma'aunin gona ne na can, ya ɗan ɗara eka ɗaya.

Tsarin na tarayyar mutum uku ne. Gwamnati ta ba da ruwa da ƙasa, wani kamfanin Turawa ya riƙe shugabanci da gurza da sayarwa, manomi kuma ya ba da ƙarfinsa. In an sayar da auduga, gwamnati ta ɗauki kashi 40 cikin 100, manoma su ɗauki 40, kamfani ya ɗauki 20. Gonar da ake ba kowane manomi ana kiranta hawasha. Ba shi da ikon zaɓen abin da zai shuka, ko ranar shuka, ko ranar ban ruwa, duk sai abin da jami'in kamfani ya faɗa. Dawar da ya noma a gefe ita ce tasa shi kaɗai. Cikin 1950 gwamnati ta karɓi aikin daga hannun kamfanin, kuma bayan samun mulkin kai aka faɗaɗa shi zuwa yankin Manakil, har ya zarce fadan miliyan 2, ya shiga cikin manyan gonakin ban ruwa na duniya da ke ƙarƙashin hukuma ɗaya. Shekaru da yawa auduga ce take kawo wa Sudan fiye da rabin kuɗin da take samu daga ƙasashen waje.

Mutumin Gombe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Ƙungiyar BCGA, wadda masu masaƙun Ingila suka kafa cikin 1902, ita ce ta matsa wa gwamnatin Ingila a kan aikin Jazira, kuma ita ce ta yaɗa irin auduga a Arewacin Nijeriya. An kafa injin gurzar auduga a Gombe cikin 1956, jirgin ƙasa ya iso cikin 1963, kuma har yanzu akwai unguwa a garin nan da ake kira da sunan BCGA. Manomin Kumo da manomin Wad Madani ba su taɓa ganin juna ba, amma kasuwa ɗaya ce take yanka musu farashi.

WANE NE YA CIRI AUDUGAR?

A nan ne maganar ta zo kan 'yan'uwa. Mai hawasha da iyalinsa ba za su iya cire audugar gonarsu su kaɗai ba, gama in ta buɗe sai an yi mata taron dangi cikin 'yan makonni. Saboda haka tun daga farko aikin Jazira ya dogara ga 'yan ƙwadago daga waje, watau mutanen Darfur da Kurdufan, da kuma Takari. Turawa da kansu suka riƙa ƙarfafa wa maniyyata guiwa su zauna, domin sun same su da juriya da riƙon alkawari. Su ne suka yi shema, su ne suka yashe magudanai, su ne suka ciri auduga. A farkon shekarun 1930, lokacin da kasuwar duniya ta faɗi har waɗansu 'yan ƙasa suka gudu suka bar gonakinsu, waɗansu baƙi sun sami hawasha. Amma da kasuwa ta farfaɗo sai aka janye ƙofar a hankali.

Galibinsu sai suka ƙare a matsugunan da ake kira kambo, jam'insa kanabi. Rugage ne na bukkoki a bakin magudanan ruwa, a kan ƙasar da ba ta mai bukkar ba ce. Mutum zai haihu a kambo, ɗansa ya haihu a kambo, jikansa ya haihu a kambo, amma a takarda wurin ba gari ba ne, saboda haka yawancinsu ba makaranta, ba asibiti, ba ruwan famfo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya ƙulle wannan hali shi ne doka. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda shi ko kakansa na wajen uba yake zaune a ƙasar tun ran 31 ga watan Disamba, 1897, watau kafin Kitchener ya karya daular Mahadiyya. A lura da wannan rana da kyau. Yaƙin Burmi cikin 1903 aka yi shi. Ashe ke nan da alƙalami ɗaya an fitar da mutanen hijira da yawancin maniyyata daga cikin 'yan asali, ko da kuwa a bakin Nilu aka haife su. Wanda ba shi da takardar jinsiyya kuwa, aikin gwamnati da mallakar hawasha da karatu mai zurfi duk sun yi masa wuya. An sassauta dokar daga baya, har ta 1994 ta mai da ranar zuwa 1 ga watan Janairu, 1956, mutane da yawa suka sami takardunsu, waɗansu suka zama malamai da hafsoshi da attajirai. Amma abin da doka ta shuka cikin zukata shekara arba'in, gyaran doka bai tumɓuke shi dare ɗaya ba.

TSAKIYA DA GEFE

Sudan ta sami mulkin kai ran 1 ga watan Janairu, 1956, Isma'il al-Azhari yana Firayim Minista. A lokacin ita ce ƙasa mafi faɗi a Afirka, ta ninka Nijeriya fiye da sau biyu da rabi. Amma arzikin da Turawa suka gina, da layin dogo da makarantu da asibitoci, kusan duk a dunƙule suke a tsakiya, tsakanin Hartum da Jazira da Bur Sudan. Kudu da Darfur da tsaunukan Nuba da gabas an bar su su zama rumbun 'yan ƙwadago da soja. Da aka zo raba manyan muƙamai wajen 800 da Turawa suka bari, 'yan Kudu ba su sami ko goma ba. Tun cikin watan Agusta, 1955, sojojin Kudu suka yi bore a Torit, yaƙin basasa na farko ya somo ke nan tun ba a sauke tutar Turawa ba.

Daga nan sai mulki ya riƙa kai da komowa tsakanin soja da farar hula. Janar Ibrahim Abbud ya karɓa cikin 1958, zanga-zangar jama'a ta kawar da shi cikin 1964. Ja'afar Numairi ya karɓa cikin 1969, ya tsai da yaƙin Kudu da yarjejeniyar Adis Ababa cikin 1972, amma da hannunsa ya warware ta cikin 1983, yaƙi ya komo a ƙarƙashin John Garang. Jama'a suka kawar da Numairi cikin 1985. Umar al-Bashir ya tumɓuke gwamnatin Sadiƙ al-Mahdi ran 30 ga watan Yuni, 1989, ya yi shekara 30 a kan mulki.

Akwai wata doka ta zamanin Numairi wadda ya kamata manomi ya riƙe ta a ka. Dokar 1970 ta ce duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce. To, a wajen bakin Nilu kusan ba wanda ya taɓa yi wa gonar gado rajista. Sai aka riƙa yanka manyan filaye a Gadarif da Shuɗin Nilu da tsaunukan Nuba ana ba attajirai da tsofaffin hafsoshi su noma dawa da riɗi da tarakta. A shekarun 1970 har ana kirarin cewa Sudan za ta zama rumbun abincin ƙasashen Larabawa. Abin da ya biyo baya shi ne bashi, da yunwar 1984 zuwa 1985, da ƙananan manoma da makiyaya da aka matse su a 'yar ƙasar da ta rage, suna kallon juna da jan ido.

MAN FETUR DA ZINARIYA

Cikin 1999 Sudan ta fara fitar da man fetur ta bututun da ya taso daga rijiyoyin kudanci zuwa Bahar Maliya. Kuɗi ya shigo, Hartum ta cika da sababbin gine-gine, aka juya wa gona baya. Magudanan Jazira suka cushe da laka da ciyawa, layin dogo na cikin gonakin ya lalace, injinan gurza suka tsaya. Dokar 2005 ta ba manomi 'yancin shuka abin da ya ga dama, amma ta zo a lokacin da hukumar da ke kawo ruwa da iri da bashi ta riga ta raunana.

Wannan ma ba baƙon labari ba ne a Gombe. Da man fetur ya yi daraja a Nijeriya a shekarun 1970, auduga da gyaɗa suka ja baya. An rushe hukumomin cinikin amfanin gona cikin 1986. Masaƙun Kaduna, waɗanda na farkonsu ya buɗe cikin 1957, sun rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000. An gina madatsar Daɗin Kowa a kan Gongola a shekarun 1980, ta yi shekaru da yawa ruwanta yana kwance ba a ci moriyarsa yadda aka tsara ba. Matasan da a dā za su ciri auduga a Kumo da Deba, su ne yau suke dako da acaba da gadi da sayar da gwari a Mile 12 da Sabo da Agege. Duk wanda ya tambayi dalilin da ya fitar da su daga gida, to, ga wani sashe na amsar.

Abin da ya sami Sudan ya fi wannan tsanani, domin man nata ba a tsakiya yake ba. Yaƙin Kudu na biyu, wanda aka ƙiyasta ya ci rayuka wajen miliyan 2, ya ƙare da yarjejeniyar 2005. Cikin watan Janairu, 2011, 'yan Kudu suka jefa ƙuri'ar raba gardama, kusan dukansu suka zaɓi rabuwa, kuma ran 9 ga watan Yuli, 2011, Sudan ta Kudu ta zama ƙasa, ta tafi da wajen kashi uku cikin huɗu na man. Aka waiwaya gona aka tarar ta mutu. Sai aka koma ga zinariya, ita kuwa zinariya ta faɗa hannun masu bindiga. Tun cikin 2003, da tawaye ya tashi a Darfur, gwamnati ta ba mayaƙan Janjawid makamai su yi mata yaƙi. Cikin 2013 ta mai da su runduna mai suna RSF a ƙarƙashin Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hamidti, kuma cikin 2017 ya kama ma'adinan zinariya na Jabal Amir. Ƙasa ta wayi gari da runduna biyu, kowace da taskarta.

Cikin watan Disamba, 2018, aka ninka kuɗin burodi sau uku, zanga-zanga ta tashi daga Atbara ta game ƙasa, soja suka sauke al-Bashir ran 11 ga watan Afrilu, 2019. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Abdalla Hamdok ba ta yi nisa ba, Janar Abdul Fattah al-Burhan da Hamidti suka ture ta ran 25 ga watan Oktoba, 2021.

RANAR DA AKA TAMBAYI ASALI

Cikin watan Yuli, 2022, rikici ya ɓarke a Jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da waɗansu ƙabilun yankin. Tushen maganar shi ne Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, su kuwa waɗancan suka ce sarauta tana tafe da ƙasa, baƙo kuwa ba shi da ƙasa. Aka yi ta a Rusairis da kewayenta, aka sake yi cikin watan Oktoba a Wad al-Mahi. Ɗaruruwan mutane suka mutu, dubun dubata suka bar gidajensu. Adalci ne a faɗi cewa su ma ƙabilun Shuɗin Nilu mutane ne da aka daɗe ana zalunta, an ƙwace musu filaye, yaƙi ya ci su shekara da shekaru. Talaka ne ya kashe talaka a kan ragowar abin da manya suka bari. Amma abin lura shi ne, mutanen da kakanninsu suka sha ruwan Nilu fiye da shekara ɗari, ranar da ido ya rufe sunan da aka kira su da shi shi ne baƙi.

Ran 15 ga watan Afrilu, 2023, rundunonin nan biyu suka juya wa juna bindiga a tsakiyar Hartum. Cikin watan Disamba, 2023, RSF ta kama Wad Madani, aka wawashe ƙauyukan Jazira, kuma a Wad al-Nura kaɗai an kashe fiye da mutum 100 cikin watan Yuni, 2024. Soja suka ƙwato Wad Madani cikin watan Janairu, 2025, sai kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ba da rahoton hare-haren ramuwa a kan mazauna kanabi, bisa zargin sun goyi bayan abokan gaba. Cikin watan Agusta, 2024, aka tabbatar da yunwa mai kisa a sansanin Zamzam kusa da Fashir, a ƙasar da aka yi wa kirarin rumbun abinci. Zuwa 2025 fiye da mutum miliyan 10 sun bar gidajensu.

A watannin Afrilu da Mayu na 2023 Gwamnatin Tarayya ta kwaso 'yan Nijeriya fiye da 2,000, yawancinsu ɗalibai, ta Masar da Bur Sudan. Waɗannan suna da fasfo, suna da gidan komowa. Jikokin mutanen Burmi kuwa ba jirgin da ya je ɗaukarsu, kuma ba su da wani gida sai Sudan.

ABIN DA YA KAMATA A ƊAUKA

In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, sai a shafa wa na kai ruwa. Babban darasin wannan tarihi shi ne, gumi ba ya zama shaida a gaban hukuma. Mutum zai yi shekara hamsin yana ciyar da gari, amma in sunansa ba ya cikin littafin garin, ranar rikici aikinsa ba zai yi magana a madadinsa ba.

Ɗan Arewa mazaunin Kudu ya fi Takari na Jazira gata nesa ba kusa ba, domin shi ba baƙo ba ne a idon doka. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 41 da na 42 da na 43, ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama inda ya so, ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini, ya kuma ba shi ikon mallakar gida da fili a ko'ina cikin ƙasar. Amma abin da ya faru a Shagamu cikin 1999, da Idi Araba cikin 2002, da Ile-Ife cikin 2017, da kasuwar Shasha ta Badun cikin 2021, ya nuna cewa haƙƙin da ke cikin littafi sai an tsare shi da shiri. Unguwar Sabo ta Badun tun 1916 take, amma har yanzu ɗan da aka haifa a can, in ya je neman gurbin karatu ko aikin gwamnati, ana iya tura shi ya kawo takardar asali daga ƙaramar hukumar da bai taɓa kwana a cikinta ba.

Saboda haka ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya sayi fili ko ya kama rumfa, ya sa a rubuta, a gaban shaidu, da hatimin hukuma, ya adana rasit ko da na shekara ashirin ne. Wanda aka yi wa haihuwa ya karɓi takardar haihuwa kafin a yi suna a manta. Kowane baligi ya mallaki lambar shaidar ɗan ƙasa, ya kuma mai da katin zaɓensa inda yake zaune, gama ɗan siyasa ba ya jin kukan unguwar da ba ta da ƙuri'a. A sa yara makaranta, maza da mata, su haɗa allo da boko, su kuma iya harshen masu gari, domin al'ummar da ba ta da lauya da likita da malami daga cikinta kullum wani ne zai yi magana da bakinta. A shiga ƙungiyoyin kasuwa tare da 'yan gari, a biya haraji a karɓi shaida. Sarakunan Hausawa su riƙe zumunci da sarakunan gari tun ana zaman lafiya, kuma in yaro ya yi laifi a miƙa shi ga hukuma, kada a ɓoye shi har laifin mutum ɗaya ya zama na unguwa.

Sauran magana ta mutanen gida ce. Garin Gombe shi kansa garin baƙi ne. Sai cikin 1919 aka mai da hedkwatar masarauta nan, kuma auduga da jirgin ƙasa ne suka tara masa jama'a daga Kano da Barno da ƙasar Yarabawa da ƙasar Ibo. A shekarun baya kuma ya karɓi 'yan gudun hijira daga Barno da Yobe. Wanda yake so a yi wa ɗansa adalci a Agege, to, ya yi wa ɗan wani adalci a Bolari da Jekadafari da Herwagana. Wanda ya ƙi a kira ɗan'uwansa baƙo a Badun bayan shekara ɗari, kada ya kira maƙwabcinsa baƙo a Gombe bayan shekara hamsin. Hukumomi kuma su dubi magudanan Jazira su tuna da Daɗin Kowa, domin ƙasar da ta bar gonarta ta mutu, 'ya'yanta za su watse neman abinci, kuma a inda suka je ne za a tambaye su asali.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka kwanta a Burmi da waɗanda suka kwanta a bakin Nilu. Allah ya kawo wa mutanen Sudan sauƙi, ya tsare matafiya da mazauna, ya zaunar da Nijeriya lafiya. Amin.